Tambaya da Amsa: Ɗana yana da galahanga, dangi sun ja baya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 6 ba ya magana sai kalmomi kaɗan, ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, kuma da zarar an kunna injin markaɗe sai ya toshe kunne yana kuka. Likita ya ce lalurar galahanga ce, amma dangin mijina sun dage cewa shafar aljanu ce, maƙwabta kuma sun hana 'ya'yansu wasa da shi. A ina zan samu masu tallafa mini? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, Allah ya ba ki ladan ɗawainiya. Galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma tun daga ciki. Gado yana da hannu sosai a cikinta, ba a ɗaukarta ta hanyar wasa ko cin abinci tare, kuma ba sakacinki ne ya jawo ta ba. A shekarun baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita, don haka ki sani akwai iyaye irinki a unguwarku, sai dai kunya ta sa sun kulle ƙofa.

Shawarata ita ce ki daina jiran a gane da kansu, ki riƙa neman taimako takamaimai daga mutum ɗaya-ɗaya. Ki roƙi maigida ya tafi da mahaifiyarsa ranar ganin likita, domin abin da suruka ta ji daga bakin likita ya fi zama a zuciyarta fiye da wanda ta ji daga bakin matar ɗanta. Addu'a da ruƙya ba su hana zuwa asibiti ba, amma kada ki yarda a doke shi, a ɗaure shi, ko a turara masa hayaƙi mai shaƙewa da sunan fitar da aljani.

Yara masu galahanga kan sulale su fita ba tare da sanin haɗarin titi ko rijiya ba, saboda haka ki sanar da mai kantin ƙofar gida, mai shayi da mai unguwa cewa idan sun gan shi shi kaɗai su riƙe masa hannu a hankali su dawo da shi, ba tare da tsawa ba. Malamin Islamiyya kuma a roƙe shi ya bar yaron ya zauna a gefen aji, nesa da amon karatu, ko da na rabin awa ne.

Game da iyaye masu yara irin naki, wurin samunsu mafi sauƙi shi ne bencin jiran likita, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Ki karɓi lambobinsu, ku buɗe zauren WhatsApp, ku haɗa adashen kuɗin mota, ku riƙa karɓa-karɓar raino domin kowace ta samu ta huta. Idan kun yi ƙarfi, ranar 2 ga Afrilu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa wannan lalura, dama ce ta roƙon limami ya taɓo maganar a huɗubar Juma'ar makon. Ku kuma riƙe cewa dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2019, ta ba ɗanki haƙƙin neman ilimi, kuma kuna iya kai ƙorafi ga hukumar da dokar ta kafa idan wata makaranta ta kore shi saboda lalurarsa.