Amsa: Ina karatu amma bayan kwana biyu sai na manta

Ka ce kana karatu har ka ji ka gane, amma bayan kwana biyu sai ka nemi abin a kanka ka rasa, ko ƙwaƙwalwarka ce ta samu matsala? A'a ɗan'uwa, lafiyarka ƙalau, haka kan kowa yake. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa, ya riƙa haddace gaɓoɓin kalma marasa ma'ana, sai ya ga yawancin mantuwar tun a ranar farko take faruwa, daga nan sai ta lafa. Maganin kawai ka rarraba bitar, yau ka karanta, gobe ka waiwaya, sai kuma bayan sati, ba wai ka kwana kana ɗura wa kanka komai a dare ɗaya ba.

Amma fa da sharaɗi, bita ba sake kallon shafi ba ce. In ido ya saba da layukan sai ka ji kamar ka iya, alhali ganinsu ne kawai ka saba da shi, in an ce kawo da ka sai ka tsaya kame-kame. Ni abin da na ga yana aiki, ka rufe littafin ka ɗauko farar takarda ka rubuta duk abin da ka tuna, inda ka kakare nan kaɗai za ka buɗe ka duba. Akwai gajiya gaskiya, amma wannan laluben ne yake sa abin ya zauna.