Hukuncin man shafawar da aka rubuta "alcohol" a jikinsa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi man shafawa, sai na ga "cetyl alcohol" a cikin jerin kayan haɗinsa. Giya ce? Zan iya yin salla da shi a jikina?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, shafa abinki, sallarki ta yi.

A maganar yau da kullum Bature kan ce "alcohol" yana nufin giya, amma a wurin masana sinadarai sunan dangi ne mai 'ya'ya da yawa. Asalin kalmar ma Larabci ne, al-kuhl, wato kwalli. Ita kuwa shari'a a kan maye ta rataya hukunci, ba a kan suna ba. Annabi (SAW) ya ce: "Duk abin da ke sa maye giya ne, kuma duk giya haramun ce." Muslim ya ruwaito daga Ibnu Umar.

Cetyl alcohol da ɗan'uwansa stearyl daskararru ne kamar kakin zuma, galibi daga man kwakwa ko manja ake fitar da su, don su sa mai ya yi kauri da santsi. Ba sa bugarwa, don haka ba su da alaƙa da wannan hadisi.

Mai bugarwar shi ne ethanol. Shi ke cikin giya, shi ne kuma a yawancin turaren fesawa, inda za ki ga "alcohol denat.", ma'ana an gauraya shi da abin da zai hana a sha. Shansa haramun ne, kaɗan ko da yawa. Saɓanin malamai a kan taɓa jiki ne: mazhabobi huɗu sun tafi a kan giya najasa ce, amma Rabi'atu, malamin Imam Malik, da Laisu bin Sa'ad da Muzani sun ce haramcin sha bai lazimta najasa ba. Wannan na biyun na fi karkata gare shi, domin sahabbai sun kwarara giya a titunan Madina ranar da aka haramta ta, da najasa ce da ba su yi haka ba. Wanda ya samu turaren mai ya bar na fesawa ya fita daga saɓani.

Maganin tari da ke da ɗan ethanol kuwa, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa (ƙungiyar Musulmin duniya) a Makka ta halatta shi a 2002, da sharaɗin ya zama kaɗan ne da ya narke a cikin maganin, babu madadinsa, kuma amintaccen likita ne ya rubuta.

Wallahu a'alam.