Koci mai tsauri: wace irin ƙungiya ce za ta iya da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙungiyar da nake goyon baya a Turai ta kammala kakar da ta wuce a tsakiyar teburi, 'yan wasan kuma kowa ya zama gaban kansa. Yanzu ana ta raɗe-raɗin za a ɗauko koci mai tsauri, irin wanda ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Wasu na cewa shi ne maganin matsalar, wasu na cewa kafin shekara biyu zai wargaza komai. Don Allah ta yaya ake gane ko irin wannan kocin ya dace da ƙungiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kowane ɓangare yana da hujja, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne hujjar tasu duka. Antonio Conte ya karɓi Chelsea a 2016 bayan ta ƙare ta 10 a teburi, ya ci mata gasar Firimiya da maki 93 a kakarsa ta farko. Zuwa Yulin 2018 an sallame shi, rabuwar ma sai da ta kai ga shari'a. Saboda haka kada ka tsaya a kan halin kocin kawai. Ƙungiyar za ka duba, ka ga ko tana da abin da zai nema, domin tsaurin irin waɗannan mutane bai tsaya kan 'yan wasa ba. Yadda suke matsa wa ɗan wasa a filin atisaye, haka suke matsa wa shugaban ƙungiya a ofis.

Fara da jadawalin wasanni, don shi ne abin da magoya baya suka fi mantawa da shi. Tsarin irin wannan koci sai da maimaici yake zama. Conte yakan jera 'yan wasansa goma sha ɗaya a fili ba tare da abokan karawa ba, a fara daga mai tsaron raga, ƙwallo ta bi ta ƙafar ɗan baya na tsakiya zuwa na gefe, ta faɗa wa ɗan gaba, shi kuma ya ajiye wa na bayansa. Idan wani ya kauce daga wurinsa da taku biyu, sai a tsayar, a mayar da shi, a sake daga farko. Haka za a yi ta yi har ƙafa ta haddace, ta yadda ranar wasa ɗan wasa zai aika ƙwallo wurin da ya san ɗan'uwansa zai iso tun kafin ya ɗaga kai. Wannan aiki yana cin kwanaki. Ɗan wasa yakan yi gudun kilomita 10 zuwa 12 a wasa guda, jikinsa kuma yana buƙatar awa 48 zuwa 72 kafin ya dawo daidai. Idan Asabar zuwa Asabar ake wasa, koci yana da kwana uku ko huɗu na aiki mai nauyi. Idan kuwa akwai wasa ranar Talata ko Laraba, to makon ya tafi a murmurewa da tafiya da kallon bidiyon abokan hamayya.

Dubi inda Conte ya fi haskawa. Juventus a 2011/12, ta ci gasar Italiya ba a doke ta ko sau ɗaya ba, kuma ba ta buga gasar Turai a kakar. Chelsea a 2016/17, babu gasar Turai. Napoli a 2024/25, ita ma ta ƙare ta 10 a kakar da ta gabata, babu gasar Turai, ta lashe kofi. Ko Inter da ya ci wa gasa a 2021, tun a watan Disamba aka fitar da ita daga gasar Zakarun Turai, sai makonni suka zama nasa. Wannan bai rage masa komai ba, ƙwararre ne na gaske, amma yana nuna maka irin yanayin da aikinsa ke so. Tunda ka ce ƙungiyarka a tsakiyar teburi ta ƙare, wataƙila ba za ta je Turai ba, kuma wannan babban alheri ne ga kocin da ake zancen.

Sai ɗakin sauya kaya. Tsauri ya fi karɓuwa wurin 'yan wasan da ke da abin da suke nema: matasa, da waɗanda aka raina, da waɗanda suka sha kunya a kakar baya. Victor Moses ya shafe shekara uku Chelsea na bayar da shi aro, Liverpool, Stoke, West Ham, sai Conte ya mayar da shi ɗan gefen dama mai hawa da sauka a tsarin 3-4-3, ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan kofin 2017. Marcelo Bielsa ya tarar da Leeds a rukuni na biyu a 2018, kuma akasarin 'yan wasan da ya tarar ne suka hau da ita Firimiya a 2020 bayan shekara 16, suka ƙare na 9 a kakar farko. Sun yarda a riƙa auna nauyinsu kullum, sun yarda da atisayen tsakiyar mako da ake buga goma sha ɗaya da goma sha ɗaya ba tsayawa, ƙwallo na fita a jefo wata nan take, saboda sun ga yana ɗaga darajarsu. Amma wanda ya riga ya ci komai, albashinsa ya ninka na koci, ba ya ɗaukar gyara ta wannan hanya. Rafael Benitez bai wuce wata bakwai a Real Madrid ba, aka sallame shi a Janairun 2016, Zinedine Zidane ya karɓi 'yan wasan nan dai da sassauci ya ci kofin Zakarun Turai uku a jere.

A nan ne babbar tambayar take, wadda a ganina ta fi duk sauran nauyi: ranar da koci ya yi karo da tauraron ƙungiya, bayan wa mahukunta za su tsaya? Karon nan dole ne, lokaci kawai yake jira. Mikel Arteta ya karɓe kambun kyaftin daga hannun Pierre-Emerick Aubameyang a Disambar 2021 saboda saɓa dokar ƙungiya, alhali yana cikin masu albashi mafi tsoka. Arsenal ta mara wa koci baya, ta haƙura da kuɗi, ta bar ɗan wasan ya tafi Barcelona a Fabrairun 2022. Daga ranar kowa a ƙungiyar ya san inda iko yake. Alex Ferguson ya yi shekara 26 da ɗoriya a Manchester United ne saboda duk wanda ya yi ja-in-ja da shi, shi ke fita: Jaap Stam a 2001, David Beckham a 2003, Roy Keane a 2005. Idan kuwa ɗan wasa zai iya ɗaga waya ya kira mai ƙungiya ya kai ƙarar koci, kuma a saurare shi, to tsaurin ya zama ihu bayan hari. Kocin zai yi hukunci, a warware a sama, sauran 'yan wasa su gani, shi ke nan an gama da shi ko da ya ƙara wata shida a kujera.

Batun kuɗi kuwa, irin wannan koci yau yake so, ba ya jiran gobe. Yakan nemi gogaggun da suka san aiki, ko da shekarunsu sun ja. A Inter, ban da Romelu Lukaku da Achraf Hakimi da aka kashe wa maƙudan kuɗi, an kawo Ashley Young da Arturo Vidal da Aleksandar Kolarov, dukansu sun haura shekara 33 ko suna kanta. Irin waɗannan sukan taimaka a ci kofi, amma ba a sayar da su da riba. Da masu Inter suka ce dole a tsuke bakin aljihu, Conte ya tafi a Mayun 2021, 'yan makonni bayan lashe gasar. Ƙungiyar da ke rayuwa da sayen matasa da araha ta sayar da tsada, ko wadda daraktan wasanni ne ke da wuƙa da nama a kasuwa, za ta yi ta samun saɓani da shi a kowace kasuwar musayar 'yan wasa. Abin da ya faru da Conte a Tottenham ke nan: ya kai ta ta 4 a 2022, amma zuwa Maris 2023, bayan kunnen doki 3-3 da Southampton, ya fito gaban 'yan jarida ya kira 'yan wasansa masu son kai, ya taɓo tarihin ƙungiyar na rashin kofi, kwanaki kaɗan aka raba gari. Rabuwar ma ba kyauta ba ce. Sallamar Conte da mataimakansa ta ci wa Chelsea sama da fam miliyan 26, ta Jose Mourinho kuma ta ci wa Manchester United fam miliyan 19.6 a 2018.

Akwai kuma jiki. Atisaye mai zafi ba shi kaɗai ke kawo rauni ba, sau da yawa ma yana kare ɗan wasa idan an hau shi mataki-mataki cikin makonni shida na share fage. Abin da ke tsinka tsokar bayan cinya shi ne a ɗora nauyi farat ɗaya, ko a yi ta amfani da mutum goma sha huɗu ko sha biyar kaka bayan kaka ba hutu. Bielsa yana son 'yan wasa kaɗan, kuma da Patrick Bamford da Kalvin Phillips da Liam Cooper suka kwanta jinya, babu masu cike gurbinsu. An zura wa Leeds ƙwallo 20 a wasa biyar na Fabrairun 2022, aka sallame shi a ƙarshen watan. Don haka ka ƙirga benci, ka kuma lura ko likitocin ƙungiya suna da bakin cewa wane ba zai buga ba, koci ya ji.

Masu ce maka shekara biyu ba su yi nisa da gaskiya ba. Muryar da ta farkar da mutane a kakar farko, a ta uku ta zama hayaniya a kunnensu. Mourinho ya ci Firimiya da Chelsea a Mayun 2015, zuwa Disamba tana ta 16 aka sallame shi. Waɗanda suka daɗe, irin su Diego Simeone da ke Atletico Madrid tun Disambar 2011, ba sassautawa suka yi ba, 'yan wasan ake sabuntawa a ƙarƙashinsu, kuma ƙungiyar ta ɗauki halin kocin ya zama nata. Idan mahukuntanku ba su shirya yin haka ba, babu laifi su ɗauke shi a matsayin aikin shekara biyu, amma su san hakan tun farko: kwantiragi gajere, kada a cika ƙungiya da 'yan wasan da ba su da amfani sai a tsarinsa, kuma a riƙa tunanin magajinsa tun yana kan aiki.

A yadda ka siffanta ƙungiyarka, ta sha kunya, tarbiyya ta lalace, mako zai zama na koci, to ta ɓangaren fili ta dace da shi, kuma ina sa ran za ka ga canji tun a watannin farko. Abin da ban ji daga gare ka ba shi ne halin mahukunta. Ka sa ido a kasuwar bazara ta farko: idan an kawo masa mutum biyu ko uku da ya nema kafin a fara atisayen share fage, aka kuma sallami wanda ya ce ba ya so ko da an yi asara a kansa, to da gaske suke. Idan aka kai makon ƙarshe na Agusta yana ta ƙorafi gaban 'yan jarida, waɗanda ya ajiye a gefe kuma suna nan suna karɓar albashi, to rigimar ta riga ta fara tun ba a buga wasa biyar ba.