Ina addu'a, amma damuwa ta hana ni barci: bangaskiyata ce ta gaza?

Tambaya: Malam, wata bakwai ke nan da aka sallami maigidana daga aiki. 'Ya'yanmu uku, ɗan abin da muka ajiye kuma ya kusa ƙarewa. Ina addu'a, ina karanta Matiyu 6, amma da tsakar dare sai in farka ina ta lissafi har gari ya waye. Wata 'yar'uwa a ikkilisiya ta ce mini damuwa zunubi ce, wai da na dogara ga Allah da gaske da na yi barcina. To, ni bangaskiyata ce ta gaza?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da haƙuri, Allah ya buɗa wa maigida hanya. Wadda ta faɗa miki haka na yarda da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma ta ɗora miki kaya a kan kaya: ga tunanin gida, ga kuma tunanin ko kin saɓa wa Allah. Bari mu sauke na biyun tukuna.

Kalmar Helenanci da aka fassara da "damuwa" a Matiyu 6:25-34 ita ce merimnao, ta fito sau 6 a wannan ɗan sashe. Da ita Yesu ya tsawata wa Marta a Luka 10:41. Amma kuma da ita ɗin Bulus ya yabi Timoti a Filibiyawa 2:20, cewa ba shi da kamarsa wajen kula da jama'a. Uwar da ranta ya tashi saboda 'ya'yanta ba ta yi laifi ba. Yesu kansa a Getsamani ya ce ransa na shan wahala kamar ya mutu. Abin da yake hana mu shi ne mu bar tunanin nan ya zama ubangidanmu. Ki duba aya ta 24, wadda ta zo kafin sashen: mutum ba ya bauta wa iyayengiji biyu. Daga nan maganar ta taso.

Yanzu batun tanadin Allah. A Fitowa 16, kowane Ba'isra'ile awo guda na manna, abincin da Allah ya riƙa ba su a jeji, aka ce ya tara, na yini ɗaya. Waɗanda suka ɓoye saura don gobe sun wayi gari ya yi tsutsa, yana wari. Sai dai a rana ta shida an umarce su su tara ninki biyu, kuma bai lalace ba. Ashe ajiyar ba ita ce laifin ba. Ai Yusufu ma kashi ɗaya cikin biyar na amfanin Masar ya ba da shawara a riƙa tarawa shekara 7. Bambancin shi ne me ya sa hannu ya ɓoye, biyayya ko tsoron kada Allah ya manta gobe. Shekara 40 Isra'ilawa suna koyon wannan darasi, kowace safiya da kwano fanko. Don haka kada ki yi mamaki in wata bakwai bai ishe ki ba.

Labarin da na fi so ki zauna da shi yana 1 Sarakuna 17. Allah da kansa ya aiki Iliya rafin Kerit, hankaki na kawo masa abinci safe da yamma, amma duk da haka rafin ya ƙafe. Daga nan aka tura shi Zarefat, wurin gwauruwa da ya tarar tana tsintar 'yan itace, da ɗan gari cikin tukunya da ɗan mai, za ta dafa na ƙarshe ita da ɗanta. Ki lura, ba a ce tukunyar ta cika ba. An ce ba ta ƙare ba. Ina jin kullum matar nan in ta leƙa, gindin tukunya take gani, ta kwashe, gobe kuma ta samu. Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, amma sau da yawa a haka yake bayarwa.

Masu wa'azi na son Filibiyawa 4:19, inda Bulus ya ce Allah zai biya kowace bukata, har wasu suna mai da ita kamar alkawarin arziki. Daga kurkuku ya rubuta ta, kuma a aya ta 12 ya ce ya san ƙoshi ya san yunwa. Nasa tanadin ta hannun mutane ya zo: Filibiyawa suka haɗa taimako, Abafaroditas ya kai masa, har ya yi ciwo kamar zai mutu. Shi ya sa zan tambaye ki: dattawan ikkilisiyarku sun san halin da kuke ciki? Da yawa muna roƙon Allah da dare, da rana kuma mu ce "lafiya lau" don rufin asiri. Ku yi shawara da maigida, ku faɗa wa wanda kuka amince da shi.

Game da daren kuwa, ki ajiye takarda da biro kusa da gado. In kin farka, ki rubuta abin da ke cin ranki. Wanda akwai abin da za ki iya yi a kai gobe, kamar kiran wani ko neman a ɗaga muku ƙafa kan wani biya, ki sa masa alama, aikin safe ne. Sauran ki ambace su ga Allah ɗaya bayan ɗaya, da sunansu, tare da godiya kan abin da aka samu yau, yadda Filibiyawa 4:6 ta koyar. In tunanin ya dawo bayan minti 10, ki sake miƙawa, ba a ƙayyade sau nawa ba.

In kuma rashin barcin ya ci gaba makonni, ko kin daina cin abinci, ko zuciya na bugawa ba dalili, ki ga likita. Iliyan nan da ya gudu jeji ya ce a ɗauki ransa, kafin Allah ya yi masa magana a Dutsen Horeb sai da aka bar shi ya yi barci, aka tashe shi ya ci abinci har sau biyu.