Me ya haɗa goro da gwajin zuciya?

'Yar'uwa, kin tambaya me ya sa likita ya hana Baba cin goro da shan shayi kafin gwajin zuciyar da za a yi masa a Shika. Dalilin shi ne adenosin, wani sinadari da jiki ke samarwa.

Idan jini ya ragu a jijiyoyin zuciya, iskar oksijin ta yi ƙaranci, sai ƙwayoyin tsokar su farfasa ATP, makamashinsu, adenosin ya fito. Shi kuwa nan take yake buɗe jijiyoyin jini ya ƙara kwarara, ya kuma rage saurin bugun, zuciya ta samu sauƙin aiki. Wannan tanadi na Ubangiji yana burge ni ƙwarai. A 1986 masana suka gano a jikin karnuka cewa ɗan tsayawar jini na mintoci yana sa zuciya jure babbar toshewa daga baya, bayan wasu shekaru kuma aka gano adenosin na da hannu a ciki.

A wajen gwaji ana ɗura adenosin ta jijiya don ya buɗe jijiyoyin zuciya a ga yadda jini ke gudana, cikin daƙiƙu kaɗan ƙarfinsa ya gushe. To sinadarin kafeyin da ke cikin goro da shayi yana toshe gurbin da adenosin ke kamawa, sakamako ya fito ba daidai ba. Ki lallaɓa Baba ya haƙura na kwana ɗayan nan. Allah ya ba shi lafiya.