Yawan raunin manhaja ne ma'aunin tsaro?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da kwamfutocin wani asibiti mai zaman kansa a Barnawa, Kaduna. Na sa manhajar bincike ta duba su, ta fito da raunuka ɗaruruwa. Maigidana yana so ya san matsayin tsaronmu. Jimillar zan kai masa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka kai masa jimillar ita kaɗai, tsorata shi za ta yi ba tare da ta nuna masa inda haɗarin yake ba.

Kowane sanannen rauni yana da lambar CVE, tsarin da cibiyar MITRE ta Amurka ta fara a 1999. Ana kuma ba shi makin CVSS daga 0 zuwa 10, kuma daga 9.0 zuwa sama shi ne mafi muni. Sai dai makin yana faɗin girman ɓarnar da raunin zai iya jawowa ne, bai san yadda asibitinku yake ba. Rauni mai maki 7 a kwamfutar da ke ɗauke da bayanan marasa lafiya, wadda ake iya kaiwa gare ta daga intanet, ya fi tayar mini da hankali a kan mai maki 9.8 a kwamfutar da ba ta haɗe da komai.

Don haka ka tace. Ka duba jerin KEV, wanda hukumar CISA ta Amurka ta buɗe a 2021: raunukan da aka tabbatar masu kutse na amfani da su. Duk wanda ya fito a cikinsa, shi ne aikin yau. Wani ma'auni kuma mai suna EPSS yana ƙiyasta yiwuwar a kai hari ta wani rauni cikin kwana 30.

Abin da na fi so ka auna shi ne kwana nawa kuke ɗauka kafin ku sa faci, wato gyaran da ke toshe rauni, bayan an fitar da shi. Microsoft ta fitar da gyaran raunin da WannaCry, wata muguwar manhaja mai kulle bayanai don neman kuɗin fansa, ta bi tun Maris 2017, amma a watan Mayu WannaCry ta durƙusar da asibitoci da dama a Birtaniya, domin ba a sabunta kwamfutocin ba. Majinyata ne suka ji a jikinsu.

Ka kai wa maigidanka adadin raunukan KEV da ke buɗe da tsawon jinkirin facinku, kowane wata. Ka kuma gaya masa cewa wannan awo bai ga raunin da ba a gano ba tukuna, kuma bai ga ma'aikacin da ya ba wa wani kalmar sirrinsa ba.