Laƙanin wutar da kake nema

Saki zugazugin nan ka matso kusa. Ka ce ka ga maƙera a waya suna lasar jan ƙarfe a wajen wasa, wani kuma ya gaya maka duk faɗin duniya babu maƙerin da ba shi da asiri, shi ne kake tambaya yaushe zan ba ka laƙanin wuta. Da kan hura wuta ko riƙon awartaki ka tambaye ni, ko kallonka ba zan yi ba. Amma wannan ka fama mini tsohon miki, don haka zauna ka ji.

Bayan rasuwar mahaifina, Allah ya jiƙansa, wani mutum ya riƙa zuwa maƙerar nan. Ɗan boko ne, ga farar shadda, ga mota, amma sai ya zauna a kan kututturen can bai damu da hayaƙi ba. Bakinsa cike da labaran maƙeran duniya. A wurinsa na ji na Farisa, wato Iran ta yau. Wai an yi wani azzalumin sarki, Zahhak, da macizai biyu suka tsiro masa a kafaɗu, kullum sai an ciyar da su da ƙwaƙwalwar samari. Aka yi ta kwashe 'ya'yan wani maƙeri mai suna Kawa, har ranar da ya kwance walkinsa ya ɗaura a kan mashi ya fita kasuwa, jama'a suka bi shi aka tumɓuke sarkin. Walkin nan ya zama tutar ƙasa. Walki fa, irin wannan da kake jin kunyar ɗaurawa idan 'yan mata za su wuce!

Ya ba ni na Girkawa, da nasu maƙerin gurgu ne, maƙerarsa a ƙarƙashin dutse mai aman wuta. Ya ba ni na Turawan arewa, na wani Welan da sarki ya sa aka tsinke masa jijiyoyin ƙafa aka ajiye shi a tsibiri, don kada ya je ya yi wa wani sarkin ƙira. Na Ogun kuwa, gunkin ƙarfe na Yarabawa, ni na riga shi sani, Yarabawan da ke gyaran mota a garin nan sun sha gaya mini shi ne ya sare daji da adda ya buɗe hanya. Ni ma na ba shi namu. Na ce mu Annabi Dawuda muke taƙama da shi, wanda Allah ya tausasa wa ƙarfe ya yi sulke, yana nan a Suratu Saba'i aya ta 10 da ta 11. Na gaya masa yadda ake kaɗa mana dundufa, da wasan da ke tsakaninmu da Buzaye, da yadda kakanninmu ke haƙo tama su dafa ta kafin a san sifirin mota. Shi kuma ya ce a Taruga kusa da Abuja an tono matoyar tama da ta haura shekara 2,000.

Ka ga mutumin da ya san darajarka haka, ai ka saki jiki da shi. Sai ya ce za a yi baje kolin al'adu a birni, yana so duniya ta san maƙeran Bauchi. Ya sa na ƙera masa takubba goma sha biyu irin na mahayan sallah, ya ba da ɗan kafin alƙalami, sauran sai ya dawo. Na ajiye aikin fartanya da garma ana gab da damina, manoman da suka saba da gidanmu tun zamanin mahaifina suka koma wajen wasu. Na kai takubban wajen badukai aka yi musu kube da kuɗina. Ranar da zai ɗauka ya roƙi aron abu uku don a nuna: walkin mahaifina, masabarsa, da takobin kakana wanda da tama aka yi shi. Ya rantse mako biyu zai mayar.

Har yau. Lambarsa ta daina shiga, gidan da ya kwatanta mini ba a ma san shi ba. Sai can wani dillalin kayan doki da ya san hannuna ya ga takubbana a wani shago. An binne su a ƙasa sun yi tsatsa, an goge kuben da toka, ana sayar wa baƙi a kan na yaƙin zamanin Sarki Yakubu ne, wai aljanu ne suka koya wa maƙerinsu ƙira. Takubban da na buga da sifirin tsohuwar mota a nan inda kake zaune! Kuɗin ba ya damuna kamar masabar nan. Ƙotarta ta lotsa daidai yatsun mahaifina, na so in miƙa wa wanda zai gaje ni. Ban yafe ba, mu haɗu a gaban Allah.

Labaran ba su yi mini laifi ba, har gobe ina ba jikokina na Kawa. Sai dai ku yaran yanzu ba ku sauraronsu har ƙarshe. Inda aka ambaci asiri nan kunnenku ke tsayawa. Sarkin da ya tsinke jijiyar Welan ai bai taɓa hannunsa ba, ya san inda dukiyar take. Ku kuwa so kuke a ba ku abu a ƙunshe ku haɗiye, gobe ku lashi ƙarfe a ɗauke ku a waya.

Akwai abin da iyaye suka bar mana, ban musa maka ba, amma ba a ba wanda har yanzu yake ƙona mini ƙarfe. Laujen da ka yi jiya me ya tsaga shi? Ka bar shi a wuta har ya fara feshin tartsatsi, sannan ka tsunduma shi a ruwan sanyi. Ƙarfen sifirin mota ba ya son haka. Ja zai yi daidai da garwashi, kuma a inuwa ake duba shi, rana tana ɓoye kalar. Sai ka tsoma a baƙin mai, ka goge bakin ya yi haske, ka mayar gefen wuta a hankali har ya yi ruwan zuma, ka janye. Idan ya zarce shuɗi ya yi laushi, ka sake daga farko. Kuma gawayin ƙirya nake so, ba wannan tarkacen da ka sayo don ka rage canji ba.

Kaka ta matso, mutanen Darazo na jiran lauje ashirin. Ka fitar mini da goma a jere da ba su tsage ba, ba su lanƙwashe ba, sannan ka sake kawo mini maganar laƙani. Tashi, wutar na mutuwa.